Guɗar da Na Raka Iya da Ita

Ko zan manta duk amaren da na yi wa guɗa a ƙasar Gaya, ba zan manta ranar da na rangaɗa ta a gaban gawa ba.

A ƙauyenmu, kusa da Balan, ni ce maguɗiya, kuma a lokacin ina ji da kaina. Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa Kirista da muke kira Iya. Ni Musulma ce, amma ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari.

Da ciwo ya kwantar da ita, na kai mata kunu. Ta riƙe hannuna ta ce ranar da za a fita da gawarta, guɗata take so. Na ce lallai tsufa ya fara taɓa ta. Ta yi dariya har da tari.

"'Yar nan, ai gida zan koma. Almasihu ya riga ni, ya gyara mini ɗaki. Jikin nan kawai za ku binne, shi ma zai tashi. Kin raka 'ya'yan mutane da murna, ni za ki raka da majina?"

Na yi alkawari don dai ta sha kunun.

Bayan girbi Iya ta rasu. Tsoron bakin mutane ya kama ni. Maigidana ya ce ni na ɗauka, ni zan sauke.

Matan cocinsu suka cika gidan cikin anko, suna buga tulu, suna waƙar sake saduwa. Da aka ɗauko akwatin gawar, 'yarta ta rungume shi a bakin ƙofa ta ƙi saki. Ni kuwa na kama hanci na gwada, abin ya fito kamar carar tsohon zakara. Na sake jan numfashi, sai ga guɗa tar, har bayan gari.

'Yar ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ta fashe da dariya.

"Yaya, Iya ta ce za ki yi, ban yarda ba."

Ta saki akwatin. Matan suka amsa da guɗa, waƙa ta ƙara tashi, na ji daɗi har raina.

Addinina yana nan yadda yake. Amma ranar na koyi cewa wanda ya sakankance da inda za shi, ba kuka kaɗai ya kamata a raka shi da shi ba.