Wandon Keke Mai Angurya

Ban kai gadar Binuwai ba na diro daga keke, ina tafiya a tattale kamar mai sabuwar kaciya.

Zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, ina sabon koyon keke a Garwa, sirdi ya hana ni sakat. Na kai wa wani tela a unguwar Jambutu wandona, na ce ya cusa masa auduga a wajen mazaunai.

Ashe da anguryarta ya ɗinke. Duk ramin da na faɗa, sai 'ya'yan sun soke ni.

Na koma ina huci. Ko kai bai ɗago ba.

"Samari, auduga ka ce. Ka ce gurzajjiya?"

Har yau abin na ƙona mini rai. Jama'a, sai an gaya wa tela mutum ba buhu ba ne?