Japanancin Ammu Midhat

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwar Bur Sa'id, birnin Larabawa na bakin teku, ya san shagon gem na Ammu Midhat, wato Baffa Midhat, wanda ke maƙale tsakanin mai suyar kifi da mai guga. Kafin ya buɗe shagon, kuku ne a jirgin ruwa na dakon kaya. Jirginsu ya taɓa lalacewa a wata tashar Japan, ya yi 'yan watanni a can, ya dawo da akwatin gem da tarin faifai da sunan cewa yana jin Japananci. Abin da yake ji kuwa bai wuce gaisuwa da tambayar kuɗin kifi ba.

Cikin faya-fayan akwai wasan wani saurayi mai fitila a hannu, yana ratsa garuruwan da ruwa ya cinye. Wasa ne mai surutun tsiya, kowane taku sai rubutu ya cika allo. Ranar farko samarin unguwa suka juyo gaba ɗaya suka ce, "Ammu, me ya ce?" Kunya ta hana Midhat cewa bai sani ba. Ya gyara tabarau, ya ƙura wa allon ido, ya ce, "Mahaifiyarsa yake nema."

Daga nan abin ya zama al'ada. Mai wasa ya riƙe rimot, Midhat ya jawo kujera da kofin shayi yana "fassara". Kullum labarin ƙara tsawo yake yi, kuma bai taɓa tufka da warwara ba, domin a hanyarsa ta zuwa gida yake saƙa na gobe. Tasa mahaifiyar ta rasu yana kan teku, don haka bai sha wahalar samo abin da saurayin zai faɗa ba. Ƙarti sun sha share ƙwalla a shagon nan su ce hayaƙin kifi ne.

Matarsa Bahiga kaɗai ta san gaskiya, ita ma ba faɗa mata ya yi ba, zama ne ya nuna mata.

Shekaru suka ja, samarin suka yi furfura. Sai ga jita-jita ta ɓullo, wai za a sake fito da wasan a sababbin na'urori, har da waya. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƙarashen zancen, wai da fassarar Larabci zai zo. Safwat direban tasi, tsohon ɗan shagon, shi ne dillalin labarin. Yau ya ce kamfanin ya musanta, Midhat ya ci abinci da daɗi. Jibi ya ce an ga hoton allon, Midhat ya koma shan ruwa.

"Abu Nuha," in ji Bahiga, wadda da sunan 'yarsu take kiransa, "ko dai ka koma makarantar yaƙi da jahilci ta Japan ɗin, tun kafin asiri ya tonu?"

"Ke dai zuba mini shayi. Jita-jita ce."

Ba jita-jita ba ce. Wasan ya fito ana tsakiyar bazara. Midhat ya yi kwanaki yana buɗe shago yana jiran ranar da za a kira shi maƙaryaci a gaban 'ya'yan mutanen da suka girma a hannunsa. Tsoro yake ji ƙwarai, don ban da wannan suna ba shi da wani abin taƙama a unguwar.

Wata la'asar Safwat ya faka tasinsa a karkace, ya shigo da waya a hannu, fuska a murtuke.

"Ammu, ka ga abin da mutanen nan suka yi? Sun cire uwar. Ɗungurungum. Wai takobin wani sarki yake nema, kamar ɗan gwangwan."

Midhat ya ajiye kofin shayinsa, Safwat ya ci gaba.

"Ka tuna wurin da ya tarar da kabarinta, ya durƙusa ya ce, 'Mama, na makara'? Yanzu wai dutsen alamar hanya ne, an rubuta gabas kasuwa, yamma tasha. Duk mun yi magana da su Ra'afat da muka tashi tare a shagon nan, mun goge wasan daga wayoyinmu. Yaran yanzu ne suka karɓe kamfanin, ba su san darajar abu ba." Ya zauna, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma wanda ya rubuta na farkon nan, Ammu, Allah ya yi masa baiwa. Ranar da muka binne tsohuwata, maganarsa ce ta riƙa zuwa mini. Da zan ga Bajapanen nan, wallahi sai na sumbaci kansa."

Midhat ya tsira, amma bai ji daɗin da ya zata ba. Baƙin ciki ne ya tokare shi. Abu mafi kyau da ya taɓa yi a duniya, ga shi an ɗauka an ba wani baƙo, kuma ba shi da hanyar karɓowa sai ya yarda shi maƙaryaci ne. Ya buɗe baki, ya dubi Safwat, ya dubi yaran da suka dakatar da wasa suna saurare.

"Ya iya kam," ya ce. "Na ji an ce ya daɗe da mutuwa."