Safiyar da Karkashi Ya Kai Ni Jarrabawa

Ranar Asabar ce, a farkon daminar shekarar da na gama aji shida, can farkon shekarun dubu biyu. Rana ba ta fito ba tukuna, amma ni na riga na yi wanka na sa kayan makaranta, ina tsaye a bakin zaurenmu a Adabka da fensir biyu a hannu. A gabana babur ɗin Baba ne, an tokare shi da turmi, an cire masa wilin baya an kwantar a kan tsohuwar tabarma. A ranar za mu rubuta jarrabawar shiga sakandare a Bukkuyum, kuma hedimasta ya sha faɗa mana cewa duk wanda ya iso bayan an raba takarda, sai dai ya jira baɗi. 'Yan ajinmu maza tun jiya suka tafi suka kwana wurin dangi. Ni kaɗai ce mace a cikin masu zuwa, Inna kuwa ta ce 'yarta ba za ta kwana gidan da ba ta sani ba, don haka Baba ya ɗauki alkawarin kai ni da sassafe.

Tsohuwar tayar baya ta ci wuya ta gaji, har zare ya fito, sannan kututture ya yage ta a hanyar gona. Baba ya sayo sabuwa tun ranar kasuwa da niyyar sa ta ranar Juma'a. Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya ranar Alhamis, ruwan shuka na farko, gari kuwa ya watse gona. Ranar Juma'ar wuni guda Baba yana gaba yana sara da sungumi, mu yara muna binsa muna zuba irin gero muna rufewa da diddige, ƙannena suna tsere kan wanda zai fara gama kunya. Ni ce aka sallama da azahar don in je in wanke kayana. Aikin taya kuma ya koma safiyar Asabar.

Wannan bai dami kowa ba, domin Baba da hannunsa yake sa tayarsa. A lokacin mai faci sai an yi tafiya kafin a same shi. Yana da jakar fata mai ɗauke da sifana, da famfon hannu, da ƙarafa biyu masu faɗin baki na ɓanɓare taya. Tsohon tub ba ya zama shara a gidanmu, ko ya koma guga ko igiyar ɗaure itace, tsohuwar taya kuwa ta ƙannena ce, su yi ta garawa har magariba. Abu guda ne kawai aka haramta mana, wani gwangwani da ke cikin ramin bangon zaure, mai ɗauke da dunƙulen sabulun salo. Shi Baba yake narkawa a ruwa ya shafa a bakin taya don ta zame ta hau wili. Yakan ce, "Abin da za a shahwa ma taya, shi yi santsi yanzu, shi bushe an jima." Mun haddace maganar tsaf ba tare da mun san ma'anarta ba.

To ni dai Allah ya yi ni da son a ce na fi kowa tsabta. Ranar Juma'ar nan ɗan guntun sabulun Inna ya ƙare a kan riga da wando, ga hijabina fari da tabon mangwaro a ƙirji, ga ni ina hango 'yan matan Bukkuyum suna zunɗe na. Na leƙa zaure babu kowa. Na ce a raina ɗan kaɗan zan gutsura. Sabulun salo kuwa ba ya jin wannan magana, da ya ga ruwa sai narkewa. Kafin tabon ya fita dunƙulen ya tafi gaba ɗaya. Na rufe gwangwanin da kyau na mayar da shi raminsa, wai ko Allah zai sa ya cika da kansa.

Da safiyar Asabar Baba ya cire tsohuwar taya, ya sa gefe ɗaya na sabuwar, ya zura tub, sannan ya miƙa hannu ya buɗe gwangwani. Ya dubi cikinsa, ya ɗago ya dube ni, ga ni fara tas tun daga kai. Bai ma tambaya ba na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Bai daka mini tsawa ba, cewa kawai ya yi in ruga in nemo sabulu. Mai tebur ya kulle akwatinsa ya tafi gona. Gida na farko suka ce su ma ranar kasuwa suke jira, na biyu aka ba ni wani ɗan tsili da bai kai farce ba. Na dawo rana ta fito, na tarar Baba ya gwada tura tayar a bushe ta ƙi. Sabuwar taya taurin kai gare ta, kuma in ya matsa da ƙarfe zai iya tsunkule tub ɗin, wanda shi kaɗai muke da shi. Tsoro ya kama ni sosai, na ga shekara guda tana shirin kuɓuce mini saboda tabon mangwaro.

Ana haka Kawu Ɗanjuma, ƙanen Inna, ya biyo da sungumi a kafaɗa. Ya ce, "Yaya, ka sa mata baƙin mai mana, yanzu ta hwaɗa." Baba ya ce, "Awo, tana shiga. Amma mai bai bushewa. Mu kai tsakiyar daji taya ta zame bisa wili ta tsinke bawul ɗin sa iska, sannan wa ka kai ɗiyar ga?" Kawu ya kawo maganar man gyaɗa, ya kawo ta man shanu, duk Baba ya girgiza kai. Ba zan ɓoye ba, a lokacin haushin Baba na ji. Ga mai a galan a gefensa, ga rana tana hawa, shi kuma ya tsaya zaɓe.

Sai muka ji muryar Inna daga bayan zana tana kirana. Ashe ta jiƙa karkashi tun asuba, za ta wanke kai kafin mai kitso ta zo. Garin ganye ne da ake miya da shi, mata kuma suna wanke gashi da shi saboda yauƙinsa. Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, "Kai ma Babanki. Ki ce mai in ya bushe bai barin maiƙo." Kawu ya tuntsire da dariya, wai yau kuma miya za a ba babur. Baba bai yi dariya ba. Ya lakato yauƙin ya murza a yatsunsa, ya shafa kaɗan a kan wani yankin tsohon tub, ya ajiye a rana, ya zauna yana kallonsa. Ni ina ta mutsu-mutsu, shi ko a jikinsa. Da ya ga wurin ya sha iska sai ya goga babban yatsansa a kai, yatsan ya tsaya cik bai zame ba. Ya yi bismilla ya jawo ƙwaryar.

Ya shafe bakin tayar da yauƙin, ya danne gefe da gwiwa, Kawu ya riƙe wili, sai ga ta tana bin ƙarfe sumul har ta faɗa. Kawu ne ya buga famfo, dariyarsa ta koma haki, Baba kuma ya kara kunne ko zai ji iska na fita, bai ji komai ba. Muka kama hanya a hankali cikin taɓo da kwazazzabai, sau biyu yana tsayawa ya duba ko bawul ya karkace, sau biyu yana samunsa a miƙe. Mun shiga harabar makarantar ana jera yara a layi, malami yana kiran sunaye. Da na sauka, Baba ya dubi hijabin ya ce, "To, sabulun dai bai tahi banza ba. Shiga." Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin da na zauna a benci aka ajiye mini takarda ba.

Na ci jarrabawar, yau ga ni ina koyar da 'ya'yan wasu a Gummi. Babura sun cika ƙasarmu tun da aka fara haƙar zinariya, mai faci yana kowace kwana da injinsa, minti kaɗan ya sallame ka, kuma ban taɓa tambayarsa me yake shafawa ba. Hanyar da muka bi ran nan yanzu sai an yi shawara kafin a bi ta. Baba ya rasu, ban samu na ce masa na daina jin haushin zaman da ya yi yana kallon yankin tub ba. Ni a safiyar nan sauri nake so, shi kuwa so yake in isa.