Sakin Layin da Na Rubuta da Sunanki

Malama, ni ce na rubuta labarin gadar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mamata, ko ƙawar da muke zama benci ɗaya a aji. Sau uku ina fara wannan takarda da wata magana daban ina yagewa, shi ya sa yanzu na sa shi a layin farko, kafin tsoro ya sake ƙwace biron daga hannuna.

Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki a asibiti bayan jinyar kwana shida. Ni ban ji ba sai da na dawo daga makaranta. Ko takalmi ban cire ba na ari wayar Mama don in leƙa zaurenmu na editoci, sai na tarar da saƙo fiye da ɗari, kowanne yana farawa da addu'a. Na zauna a bakin gado, jakata tana rataye a kafaɗa. Abin da ya fara zuwa raina, Allah Ya yafe mini, shi ne: yanzu ba wanda ya san gaskiya sai ni. Na tsawon daƙiƙa ɗaya na ji kamar an sauke mini kaya. Wannan daƙiƙar ta fi komai ba ni tsoro, don a cikinta na ga irin mutumin da zan zama idan na ci gaba da yin shiru.

Wataƙila wasu da za su karanta wannan ba su san aikinmu ba. Kundin ilimi ne a intanet, wanda kowa zai iya rubutu a ciki, ba albashi, ba tilas. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: duk abin da ka rubuta sai ka kawo madogara, wato littafi ko jaridar da ka samo shi. Kuma kowane shafi yana da tarihinsa. Ko waƙafi ka ƙara, za a ga sunan asusunka da ranar da mintin. Ana iya goge rubutu daga fuskar shafi, amma tarihin ba ya mantuwa.

A ɗakin karatun unguwarmu na san ki, inda kika yi aiki tun kafin a haife ni. Tagogi huɗu, fanka mai kukan tsohuwar ƙofa, kwamfutoci uku a jikin bango, ta tsakiyar sai an ɗan buga linzaminta a tebur kafin ya motsa. Littattafan soyayya nake zuwa karantawa, in ɓoye su a cikin babban littafin ilimin halittu. Wata Asabar kika tsaya a kaina kika ce, "'Yata, wata uku kina shafi ɗaya na hanjin kwaɗo, kina share hawaye. Kwaɗon nan ya ci amanarki ne?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ki ƙwace littafin ba. Kujera kika jawo mini gaban kwamfuta, kika ce mai son karatu haka bai kamata ya tsaya a karatu kawai ba. Da kika tambaye ni sunan da zan sa wa asusuna na ce Farar Tattabara, kika kalle ni ta saman tabarau, kika ce, "Allah Ya shirya." Daga ranar ba ki sake kira na da wani suna ba sai Tattabara.

Maƙalata ta farko a kan sauro ce. Washegari na duba tarihin shafin, na ga kin bi bayana, kin bar bayanin gyara: "Na cire hawaye biyu da bugun zuciya ɗaya. Sauro ne, ba saurayi ba." Haka kike gyara, mutum yana dariya yana koyo. Ba ki taɓa goge aikin sabon shiga ba tare da kin rubuta masa dalili ba. Idan wani ya fassara rabin maƙala ya gaji, sai ki ƙarasa, sannan ki je shafinsa ki yi masa godiya kamar shi ya yi duka. Kina da ƙaramin littafi mai koren bango inda kike rubuta sunayen waɗanda suka daɗe ba su yi gyara ba, ki bi su da saƙo: lafiya dai? Abu ɗaya kika kasa koya mini, sa hannu. Duk maganar da mutum ya yi a shafin tattaunawa dole ya sa sunansa a ƙarshe, ni kuwa kullum sai in manta, ko in yi kamar na manta. Kina cewa, "Tattabara, maganar da ba ta da mai ita, wa zai tsaya mata?"

Yanzu ga abin da ya faru.

Asabar ce, bara, bayan azahar. Kina aiki a kwamfutar tsakiya a kan maƙalar tsohuwar gadar ƙarfe ta garinmu, sai aka kira ki ƙasa wai an kawo kwalayen littattafai. Na koma kujerarki don ta fi kusa da fanka. Na karanta maƙalar: tsawon gada, faɗinta, shekarar da aka gina ta. Sai na ji ta bushe, ta ba ni tausayi. Na daɗe ina wucewa ta kan gadar nan ina saƙa mata labari a raina, cewa injiniyan da ya gina ta yana son wata yarinya a tsallaken kogi, kwale-kwale ya kife da ita tana hanyar zuwa wurinsa, shi ne ya rantse ba wanda ruwan zai sake raba shi da masoyinsa. Na rubuta shi, layi biyar. Na san za a nemi madogara, sai na ƙirƙiri sunan littafi da marubuci da lambar shafi. Na ce a raina in gan shi a shafin gaske na minti ɗaya kawai, in goge. Na danna adanawa. Sai a lokacin idona ya kai saman allon, na ga sunanki ne a wurin, ba nawa ba. Ba ki fita daga asusunki ba.

Na ji takunki a matakala. Da na danna wuri ɗaya da komai ya koma yadda yake. Ban danna ba. Na rufe shafin, na koma kujerata, na buɗe hanjin kwaɗo.

Mako bakwai labarin yana zaune a wurin. Kullum ina cewa gobe zan cire, kullum ina tsoron tarihin shafin zai nuna sunana kusa da shi a yi tambaya. Har wani malamin makaranta ya koya wa ɗalibansa shi. Sannan Baba Mai Tankaɗe ya gani. Kowa a cikinmu ya san shi, mai kemis ɗin da ke bin madogara ɗaya bayan ɗaya kamar yana duba ranar lalacewar magani, shi ya sa aka sa masa wannan suna. Ya nemi littafin ko'ina bai samu ba, don babu shi. A daidai makon ne kuma ake kaɗa ƙuri'ar ba ki makulli, wato ikon kula da shafuka da ake damƙa wa wanda aka fi yarda da shi. Mutum goma sha tara sun riga sun ce sun amince. Ya rubuta a ƙasansu: "Wanda ya ƙirƙiri littafi sau ɗaya, da me za mu auna sauran aikinsa?" Ina kallo mutane suka riƙa dawowa suna janye ƙuri'unsu ɗaya bayan ɗaya.

Amsarki layi biyu ce. "Da asusuna aka rubuta, kuma kula da asusuna aikina ne. Na janye, ku yi haƙuri." Kika sa hannu. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma nuna kowa ba.

Kin san ni ce, Malama. A cikin layukan nan biyar akwai "idanunta masu kama da ruwan sanyin safiya", kalaman da kika cire daga rubutuna har sau biyu. Asabar ɗin da ta biyo baya na zo ina jiran ki kira ni gefe. Kina jera littattafai, ko juyowa ba ki yi ba kika ce, "Tattabara, gadar nan ta fi kyau a littafin labari. Ki sayi littafin rubutu ki zuba ta a ciki, zan karanta." Kika ƙara da cewa, "Shafin tattaunawa kuma ba a rufe shi. Duk ranar da mutum ya shirya." Na ce to. Ban shirya ba. Shekara guda da wata biyu ban shirya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ki canja mini fuska ba. Kin ci gaba da bin bayana kina gyarawa. Da na gama maƙalar ƙudan zuma, mai madogara goma sha huɗu, kowacce na riƙe littafinta da hannuna, kika liƙa mini tauraro a shafina. Hoton tauraro ne kawai da editoci ke ba junansu don yabo, amma a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Kika rubuta a ƙasansa: "Ga wadda ta koyi bambanta abin da ya faru da abin da take so ya faru." Kowa ya zo yana taya ni murna. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe shafina sai in ga kamar tauraron ido ne yana kallona.

Shekaranjiya muka je gidanki gaisuwa ni da Mama. Tabaranki yana kan tebur kusa da koren littafin nan. Babbar 'yarki, wadda muke kira Anti, ta gane ni, ta ce, "Ke ce Tattabarar Mama?" Ta kama hannuna ta ja ni baranda. Ta ce ta ga editoci suna shawarar sa wa kyautar da suke bayarwa duk shekara sunanki, ta ji daɗi, ta shiga ta karanta tattaunawar. A can ta ga Baba Mai Tankaɗe ya rubuta cewa yana girmama ki, yana yi miki addu'a, amma ba zai yarda a sa wa kyautar gaskiya sunan da ke da maganar gada a tarihinsa ba. Wasu sun bi bayansa. Anti ta dube ni, idanunta sun yi ja, ta ce, "Ƙanwata, ke kin zauna da ita. Mamana ko a waya ba ta yarda mu ce ba ta nan alhali tana nan. Da gaske ta ƙirƙiri littafi?"

Na ce, "Allah Ya jiƙanta, Anti." Na zare hannuna na koma wurin Mama.

Ranar Asabar za a rufe tattaunawar kyautar. Baba Mai Tankaɗe ba mugu ba ne, abin da tarihin shafi ya nuna masa yake faɗa, kuma tarihin zai ci gaba da faɗar haka bayan ni da shi duk mun mutu. Yaron da ba a haifa ba tukuna zai iya buɗewa ya ga sunanki kusa da ƙaryata.

Ina jin tsoro, Malama. Ina tsoron a toshe asusuna, a cire tauraron, a bi maƙalolina ashirin da uku ana tankaɗewa ana cewa wa ya sani. Ina tsoron shiga ɗakin karatu kowa ya yi shiru. Ina tsoron fuskar Mama. Fiye da duka ina tsoron Anti ta tuna cewa ta riƙe hannuna ta tambaye ni, na dube ta na yi mata addu'a kawai. A littattafan da nake karantawa, idan yarinya ta faɗi gaskiya a babin ƙarshe sai kowa ya rungume ta. Na san wannan ba littafi ba ne, kuma wadda za ta fara rungumar tawa ita ce ba ta nan.

Allah Ya jiƙanki, Malama. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya sa duk harafin da wani ya karanta ya amfana ya zame miki lada mai gudana. Kamar yadda kika rufa mini asiri ina da laifi, Allah Ya rufa miki a ranar da babu abin da ke ɓoyuwa. Ga maigidanki, da Anti da ƙannenta, da jikokinki, da duk editocin da kika yi rainonsu da hannunki, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Mahaifiyarku ba ta ƙirƙiri komai ba. Ni ce. Ku yafe mini idan za ku iya.

Da biro na rubuta wannan, don na san idan a kwamfuta ne zan goge. Na kwafe ta sau biyu. Gobe in Allah Ya kai mu, daga makaranta zan biya ta kemis in miƙa wa Baba Mai Tankaɗe ɗaya hannu da hannu, in tsaya har ya gama karantawa. Ɗayar ta Anti ce. Daga nan in hau matakalar ɗakin karatu, in zauna a kwamfutar tsakiya, in duba saman allon da kyau, in rubuta ta a shafin tattaunawa inda kowa zai gani.

Kuma duba, Malama, wannan karon ban manta ba.

Ni ce,
Farar Tattabara