Kejin da Amos Ya Yi wa Ɗansa

A Unguwar Dosa, in ƙofar gida ta yi nauyin da sai an sa kafaɗa kafin ta buɗe, ba a tambayar wanda ya ƙera ta. Aikin Amos mai walda ne. Mutumin nan bai iya aiki sama-sama ba. Ka kai masa aikin ƙarfen taga, ya yi maka wanda ko gidan yari sai ya yi sha'awa. Masu gidaje su yi mita, matansu su yi mita, gobe kuma su ne za su sake yin sallama a shagonsa, domin kowa ya san abin da Amos ya liƙa ba ya ɓallewa.

Daga wani ƙauye a bayan Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, ba shi da komai sai sunan wani kawunsa a baki. Ya koyi walda, tartsatsi ya ci idanunsa har suka zama ja kullum kamar na wanda bai yi barci ba. Ya auri Naomi, malamar firamare, suka haifi 'yan mata, daga ƙarshe suka samu namiji guda, Gideon. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Ɗanjuma kafinta. Shekarun da gari ya yi ta rikicewa, 'yan cocinsu da yawa suka kwashe kaya suka tsallaka kogi zuwa kudu, Amos ya ƙi tashi. Ya ce shi ya tsufa da neman sabon maƙwabci, alhali a lokacin ko furfura bai fara ba. Gideon da Sulaiman, ɗan Ɗanjuma, damina ɗaya aka haife su, kwano ɗaya suka ci, bulala ɗaya suka sha.

Abu guda ne ya fi ƙarfin Amos, shi ne tsoron hanya. In za su tafi gida Kirsimeti, bayan direba yake zama, ya kafa ido a kan malejin mota, ya yi ta cewa, "Direba, don Allah sannu-sannu, ba gudun gobara muke yi ba." Akwai direban da ya taɓa tsayawa a tsakiyar daji ya ce ko dai baban nan ya yi shiru ko ya sauka. To, wannan mutumin ne Allah ya ba ɗan da ba abin da yake so a duniya kamar ƙarar inji.

Gideon ya zama bakanike, kuma gwani. Ya tara abin da ya tara ya sayi wata tsohuwar mota baƙa, ya zauna ya gyara ta da hannunsa. Amos ya ɗauka ta zuwa aiki ce. Sai wata rana wani da ya kawo aikin ƙofa ya miƙo masa waya yana washe baki, ya ce, "Oga Amos, ashe ɗanka ne wannan? Kai, yaron nan aljani ne a sitiyari!" Amos ya cire baƙin gilashinsa ya duba. Wani fili ne a gefen hanyar Zariya, kafin Rigachikun, inda samari ke taruwa ranar Lahadi da yamma suna wasan mota. Ga baƙar motar tana juyi kamar katantanwa, tayoyi na ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, Gideon ya fito da hannu ɗaya ta taga yana ɗaga wa jama'a. Ya zauna a kan wani tsohon galan.

Daga ranar nan Amos bai ƙara sanin daɗin Lahadi ba. Abu ɗaya yake so, kada wata rana a kawo masa ɗansa a naɗe cikin zane. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ya kai ƙara wajen fasto. Ya ɓoye makullin motar a cikin buhun masara, ya manta cewa bakanike ba ya buƙatar makulli. Naomi ta yi kuka, ta yi azumi. Gideon kuwa ba ya musu, ba ya ɗaga murya, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na san abin da nake yi." Lahadi ta zo, a tashi daga coci, ya ci abinci, ya sulale. Me za ka yi wa mai gemu da shagonsa na kansa?

Da ya ga magana ta ƙi, sai Amos ya koma ga abin da ya iya. Ya je kasuwar Panteka ya zaɓo bututun ƙarfe masu kauri, ya samo bel mai ƙarfi na ɗaure direba a kujera, ya sayi hular kwano sabuwa fil. Ya ce wa Gideon, "Kawo mini motar nan. Tunda ka rantse sai ka kashe kanka, bari in ga ta inda mutuwar za ta shigo." Ya rufe shago ga kowa, ya cire kujerun baya, ya lanƙwasa ƙarfe ya zagaye wurin zaman direba da shi, sama da gefe da baya, ya liƙa ko'ina sau biyu kamar yadda ya saba. Ya sa Gideon ya yi masa alkawari a gaban uwarsa cewa ba zai tada motar ba sai da bel a ƙirji da hula a ka.

Samarin fili suka yi ta dariya, suka sa wa motar suna kejin kaji. Dariyar ba ta daɗe ba. Wata Lahadi taya ta fashe, motar ta wuntsila ta kwanta a kan rufinta, aka yi ta salati, sai ga Gideon ya rarrafo ta taga yana kaɗe wando. Ko ƙwarzane bai yi ba. Da labari ya iso gida Naomi ta faɗi ƙasa tana godiya, Amos kuwa ya zagaya bayan shago shi kaɗai ya share hawaye. A daren ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Cikin makon, masu dariyar suka fara layi a ƙofar shagonsa, kowa na son a yi masa irin na Gideon.

Abin da Amos bai lura da shi ba, ɗan tsoron da ya rage a zuciyar ɗansa ya fita tare da wannan faɗuwar. Mutumin da mota ta juye da shi ya fito yana dariya, me kuma zai ji tsoro?

A filin nan akwai wata al'ada. In direba ya kai gwani, sai amininsa ya shiga tsakiyar fili ya tsaya cak, motar ta yi ta kewaya shi tana zamiya, gabanta na kallonsa, bayanta na sharar ƙasa. Iya kusancin da ta yi da shi, iya ihun da za a yi. Ba a sa bare, sai wanda ya yarda da kai ɗari bisa ɗari. Na Gideon kuwa kowa ya san shi. Sulaiman tela ne, mai sanyin hali, ko keke bai cika son hawa ba, amma in Gideon ya ce ya tsaya, zai tsaya. Su kuma 'yan kallo su ne katangar filin. Ba shinge, ba igiya, ba ko tsofaffin tayoyi da aka jera. Ba motar asibiti, ba wanda ya san yadda ake ɗaga wanda ya karye. Mutane cike da wuri, kowa da waya a hannu, a cikinsu babu ko mutum ɗaya da ya taɓa tambayar abin da za a yi in abu ya ɓaci. Wannan ba jarumta ba ce, sakarci ne da aka yi wa tafi har ya ɗauka shi wani abu ne.

Gideon ya daɗe yana roƙon ubansa ya zo ya ga aikin hannunsa. Wata Lahadi cikin damina Amos ya yarda. An yi ruwa da rana, ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi a wasu wurare. Kafin a fara, Amos ya leƙa cikin motar, ya girgiza ƙarfen, ya ja bel ɗin, ya ɗaure wa Gideon igiyar hula da hannunsa kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Sulaiman na gefe cikin farar jallabiya, ya rusuna ya ce, "Baba, yau kai ne babban baƙo." Amos ya ce, "Kai ma ka biye masa ko? Zan haɗa ka da babanka." Suka yi dariya. Ya ga lokacin da Sulaiman ya taka zuwa tsakiyar fili, ya gani da idonsa, bai ce komai ba. Hankalinsa duk yana kan wanda ke cikin motar.

Motar ta kewaya Sulaiman, ta sake kewayawa, kowane zagaye tana ƙara matsowa, jama'a na ihu. Sai tayar baya ta taka inda ruwa ya kwanta. Bayan motar ya kwaso da ƙarfi fiye da yadda Gideon ya nufa, ya sami Sulaiman. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an jefar da buhu daga kan mota. Motar ta wuce ta daki wani tudun ƙasa ta tsaya.

Amos ya ruga. Motar ya nufa, yana kiran sunan ɗansa, ya wuce farar jallabiyar a ƙasa bai ko waiga ba. Ya fizge ƙofa, ya shafa wuyan Gideon, ya shafa ƙirjinsa da ƙafafunsa. Lafiya lau. Ƙarfen bai ko lanƙwashe ba. Gideon ne ya ture shi yana cewa, "Baba, Sule! Ina Sule?" Kafin su juyo, samari sun riga sun ciccibi Sulaiman, wasu hannu wasu ƙafa, kansa na reto, suka naɗe shi a bayan keke mai ƙafa uku. Wasu kuwa ba su sauke wayoyinsu ba. Kafin a kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Da safe aka kai Sulaiman makwancinsa. 'Yan sanda suka riƙe Gideon, Ɗanjuma ya tashi daga kan tabarmar makoki ya je da ƙafarsa ya ce shi ya yafe, ba ya neman komai, a sako masa ɗansa. Haka ya faɗa, ɗansa. Gideon ya dawo gida ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ba ci ba magana. Wasu mata 'yan zumunta suka zo gai da Naomi, ɗaya ta ce ya kamata a fita godiya a coci tunda Ubangiji ya tsirar da yaro daga haɗari. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Amos ya dube ta da jajayen idanunsa har ta sunkuyar da kai, ya ɗauki hularsa ya fita. Abin da ya yi shekaru yana roƙo an ba shi cif, ga ɗansa da rai a ɗaki, amma ya rasa bakin da zai gode da shi.

Ya zauna a ƙofar gidan Ɗanjuma tare da maza, ana zuwa ana tafiya, ana addu'a yana ɗaga hannu tare da su. Cikin gidan ne ya kasa shiga, gidan da ya saba shiga ba sai an yi masa iso ba. Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, Ɗanjuma ya dafa gwiwarsa ya ce, "Amos, ka shiga. Tun jiya take tambayarka."

Rabi ce, matar Ɗanjuma. Ita ta goyi Gideon shekarun da Naomi ke tafiya makaranta da safe. Sulaiman ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, kuma ko yanzu ba wanda ya ga hawayenta. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta lulluɓe, carbi a hannu. Amos ya cire takalmi ya durƙusa nesa da ita.

"Maman yara, ya haƙuri?"

"Da godiya, Baban Gideon."

Ya shirya maganganu da yawa a ransa. Yana so ya ce mata ya ga lokacin da yaron ya shiga fili bai hana shi ba. Yana so ya ce mata ya wuce shi a kwance. Ko ɗaya bai fito ba. Ita ce ta ɗago, ta dube shi da idanun da suka kumbura, ta yi tambayar da ta hana ta sukuni tun ranar Lahadi.

"An ce motar ta daki tudu. Ba wanda ya gaya mini gaskiya, kowa lallaɓa ni yake yi. Don Allah kai ka faɗa mini, Gideon bai ji ciwo ba ko?"

 Amos ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Bai ji ba," in ji shi. "Ko kaɗan bai ji ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Rabi, ta sauke ajiyar zuciya. "To ka ce masa ya zo ya ci abinci. Na san ba ya ci."

A nan ne Amos, mutumin da ya yi shekaru yana kallon wuta bai ƙifta ba, ya kifa goshinsa a kan simintin gidan Ɗanjuma ya fashe da kuka, har uwar mamacin ce ta koma tana ba shi haƙuri.