Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan 'Yata

Wata huɗu bayan rasuwar 'yarmu ta fari, maigidana ya ce in shirya, za mu asibiti wajen wata mata mai sauraron damuwar ma'aurata. Raina ya ba ni abu ɗaya: takarda yake nema. A rubuta cewa na taɓu, ya kai wa iyayena a Auna, ya sallame ni ba wanda zai ga laifinsa. Gaskiya kuma na ba shi hujja. Tukunya na ƙonewa ina zaune ina kallonta, kuma sai in wuni ban yi masa magana ba.

Na zaci zan ga allura da ƙarti masu danne mutum. Kujeru uku na tarar, da fanka mai ƙara, da mace ɗaya mai Hausar Nufawa. Ta ce yau sanin juna kawai za a yi, ita ba ta yanke hukunci, ba ta ba da ƙwaya, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan zai tsaya. A Kontagora? Garin da in ka yi atishawa a tasha, a kasuwa za a yi maka addu'a? Na gyara hijabina.

Sai ta buɗe littafi ta ɗauki biro. Na ce a raina, yawwa, ga takardar ta fito. Daga nan na ƙudura ba za ta sami abin rubutawa ba. Barci? Lafiya lau. Cin abinci? Alhamdulillahi. Zaman gida? Sai godiya. Ta yi ta gyaɗa kai, ko haushi ba ta ji ba, wannan ma ya ƙara mini zargi.

Can ta ce, "Hajiya, yaya sunan yarinyar?"

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ma haka, kara ake yi. Shekara shida ina ce mata "ke" ko "yarinyar nan". Ranar da aka fita da ita ma surukata na zaune, na haɗiye kukana, mata suka yi ta yabon haƙurina. Don haka na ga tarko ne. In na faɗa a ce ba ni da kunya, in na ƙi a rubuta na manta sunan 'yata.

"Ba ma faɗa," na ce. "'Yar fari ce."

"Na sani, ba dole ba ne. Malam, kai fa?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sai kawai ya faɗi sunan. Tun ranar suna ban taɓa jin sa a bakinsa ba.

"Malama, ni ne ba na iya barci," ya ce. "Bayan buhunan wake nake shiga a kasuwa in yi kukana. Na rasa wanda zan kira sunanta a gabansa. Uwar kuma ina tsoron kada ita ma in rasa ta."

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, wata huɗu muna ɓoye wa juna abu ɗaya a ɗaki ɗaya. Ba zan ce na yarda da matar ranar ba, sai a zuwa na uku na saki jiki.

Amma a hanyar gida, ina bayan babur ɗinsa, na gwada faɗin sunan a hankali cikin hijabi. Ya ji. Ya rage gudu, bai waiwayo ba, ya ce, "Sake faɗa."