Busasshiya, Ba Barkono

Tsoron ya kama Kawu Phua ne lokacin da wata mata riƙe da faranti ta nuna kujerar da ke gabansa ta ce, "Kawu, da mutum a nan?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya lura kofinsa ya huce, kunun shinkafarsa ya yi fata a sama, masu sammako duk sun watse. Abokin zamansa na kowace safiya bai taɓa kaiwa wannan lokaci bai zo ba. Jiya bai zo ba, shekaranjiya ma haka, amma Kawu Phua ya ɗora laifin a kan ruwan sama. Yau kuwa gari garau yake.

Ya ce mata da mutum. Ya gyara ƙunshin tishun da ke kan kujerar, don a kasuwar abinci ta Toa Payoh, kamar ko'ina a Singafo, duk wanda ya ga tishu ya san an kama wuri. Matar ta dube shi, ta dubi tishun, ta wuce.

Phua Teck Seng tuƙin bas ya yi har ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu ba da jimawa ba bayan haka, ɗansa kuma yana Ostareliya, sai ranar biki yake kira. Ɗakinsa yana can sama a bene, yana barin rediyo a kunne ko da zai fita, don kada ya dawo ya tarar da shiru. A shekarar da ya yi rashin ne wani siririn tsoho mai baƙar lema ya tsaya a gaban teburinsa, ya tambaya ko zai iya zama. Ya zauna. Washegari ma ya zauna. Daga nan abin ya zama tsari ba tare da an yi shawara ba: Kawu Phua ya zo da wuri ya kama tebur, mai lema ya shiga dogon layin Inna Yip, mai taliya da wantan, wato 'yan ƙunshin kwaɓin fulawa masu nama a ciki, wadda har jaridu suka buga hotonta.

Kullum idan ya iso da kwanonsa sai ya leƙa na Kawu Phua.

"Direba, har yau abincin majinyata kake ci?"

"Ya fi in tsaya kamar mai jiran bas saboda taliya. Na gaji da ganin layi ta gilashi, ba zan tsufa in shiga ba."

Sai mai lema ya ɗauko wantan ɗaya da tsinkayen cin abinci, ya miƙo, Kawu Phua ya kau da kai. Shekaru suna haka. Ya san gwiwar mutumin ta hagu ce ke ciwo, ya san gyaran agogo ya yi da ƙuruciya, ya san ba ya jituwa da surukinsa. Sunansa ne bai sani ba. Da farko babu dalilin tambaya, daga baya kuma tambayar ta zama abin kunya. Bai san benen da yake zaune ba, ba shi da lambar wayarsa. Idan mutumin ya mutu, babu wanda zai zo ya faɗa masa.

Ya je wurin mai kofi ya kwatanta shi. Mai kofi ya ce fuskar dai ya sani, amma a tambayi Inna Yip, ita ta san cikin kowa a unguwar. Sai dai Inna Yip ba ta magana da kowa sai wanda layi ya kawo gabanta. Ko ƙanwarta ce ta zo gaisuwa, baya take komawa.

Kawu Phua ya bar tishu a kan kujeru biyu, ya je ya tsaya a bayan wasu 'yan ofis masu latsa waya. Layin ya zagaye ginshiƙi, ya wuce mai sayar da ruwan rake. Ƙafafunsa suka fara tsami. Daga nan yana hango teburinsu, bai taɓa ganinsa daga nesa ba, ashe ƙarami ne. Yana matsowa yana jin ƙamshin gasasshen naman alade da tururin tukunya, yana kallon hannun Inna Yip yana tsoma taliya a tafasasshen ruwa, ya ciro, ya tsoma a mai sanyi, ya kaɗe.

"Busasshiya ko da romo?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya ce irin ta tsohon nan mai lema yake so. Ta ce masu lema a layinta sun fi wantan ɗin tukunyarta yawa, ya faɗi abin da zai ci ko ya ba na baya wuri. Sai ya ji bakinsa yana jero abin da ya daɗe yana gani a gabansa kowace safiya.

"Busasshiya, ba jan barkono. Koren barkono mai tsami a gefe. Wantan a kwano daban."

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta kare masa kallo.

"Kai ne Direba? Wanda ya ce taliyata ba ta kai a tsaya mata ba?"

Ya ce shi ne. Ta ci gaba da aiki tana magana ƙasa-ƙasa. Shekaranjiya wata mata ta zo, da takardar masu ziyarar asibiti manne a rigarta, tana riƙe da lemar nan mai ɗaurin roba a mariƙi. Matar ta ce babanta ya ƙi abincin asibiti, wannan kawai yake nema. Amma da romo ta ce a zuba, a dafa taliyar ta yi laushi sosai, sannan a yanyanka ta da almakashi.

"Mutumin da yake cewa romo ɓata taliya yake yi," in ji Inna Yip. "Ni ban son yanka wa tsoho taliya, ka san a al'adarmu tsawonta alamar tsawon rai ce. Amma na yanka."

Ya tambaya ko matar ta dawo. Ta girgiza kai. Wane asibiti? Ba ta tambaya ba. Sunansa fa?

"Kawu, ni kwano na sani, ba suna ba."

Na baya suka fara gyaran murya. Ya roƙe ta idan matar ta sake zuwa, ta faɗa mata Direba yana nan riƙe da tebur. Inna Yip ta tura masa farantin, ta ce ya je ya ci kafin ta sanƙare.

Ya koma ya zauna, ya juya taliyar a cikin baƙar miyarta yadda ya saba ganin ana yi. Siririya ce, tana ɗan turjewa a haƙori. Fatar wantan ɗin kamar ba a sa ba, jatan lande da nama suka fashe masa a baki da zafinsu. Koren barkonon ya tsinka maiƙon. Daɗin ya ba shi haushi. Ya ɗago zai ce to, ba laifi, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, sai idonsa ya sauka a kan ƙunshin tishu.

Ya cinye tas. Ya juya kujerarsa ta fuskanci rumfar, ya zauna yana duba hannun kowace mata da ta shiga layi ko zai ga baƙar lemar, har Inna Yip ta wanke tukunya da tsakar rana.

Tun daga ranar, kowace safiya yana kama kujeru biyu, ya shiga layi. Idan ya iso gaba, Inna Yip takan girgiza kai kafin ya tambaya, sannan ta zuba masa busasshiya. Matar ba ta dawo ba. Ko an sallami tsohon yana hutawa a gidan 'yarsa, ko ya daina iya cin komai, Kawu Phua bai sani ba. Har yanzu babu labari.